Waƙoƙin Shekarar Da Muka Yi Kandi Kayan Aikin Marubuci Ne



Idan aka ce ɗayanmu ya kawo tambayoyin da suka fito a jarrabawar WAEC ta shekararsa, da wuya ya tuno biyu. Amma a kunna masa waƙar da ta yi tashe a shekarar da ya yi kandi, kafin a kai amshi ya tuna wanda suke zama benci ɗaya, da mai ƙosan bakin makaranta, da kuɗin mota daga Ƙofar Doka zuwa Sabon Gari. Ra'ayinmu shi ne, waɗannan waƙoƙi kayan aikin marubuci ne, kuma duk labarin da ya kauce musu don kunya ko raini zai fito babu shekara, babu gari.

Mu ɗauki Birnin Zariya, cikin ganuwa, mu bi ɗalibansa rukuni-rukuni. Wanda ya gama Alhudahuda a 1999 ya fita ne a shekarar da soja suka miƙa mulki, kuma a watan Yunin shekarar Alhaji Mamman Shata ya rasu. Ƙannensa na 2000 su ne farkon waɗanda suka rubuta jarrabawar NECO, a kunnensu kuma fiyano ya fara ture kalangu, waƙoƙin finafinai irin su Sangaya da Wasila suna tashi daga shagunan kaset. Wayar salula ba ta shigo hannun jama'a ba sai daga 2001. Waƙa a lokacin kaya ce da ake ara: kaset ɗaya zai zaga gida biyar, in zarensa ya tsinke a liƙe da jan farce, a naɗe da biro.

'Yan 2010 zuwa 2013 kuwa memori suka sani. Za ka kai wayarka shagon caji, ka biya mai turi ya cika maka ita da Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Fati Nijar, sauran kuma ka roƙa a tura maka ta Bluetooth a bayan aji. 'Yan 2015 sun yi karatun jarrabawa cikin amon waƙoƙin siyasa, na Rarara a kan gaba, kuma a watan Yunin shekarar Ɗan Maraya Jos ya rasu. 'Yan 2020 sun sha zaman gida na kullen korona, Jarumar Hamisu Breaker tana yawo daga waya zuwa waya. Sai a watan Agusta suka fara WAEC, kuma ba a jima da ajiye biro ba Sarkin Zazzau Shehu Idris ya rasu, ranar 20 ga Satumba, bayan shekara 45 a kan sarauta.

Ku duba, ba mu faɗi komai a kan daɗin waƙoƙin ba, amma kowane rukuni ya fito da kamanninsa. Marubucin da ya sa wa yarinyar 2000 waƙa a waya, ko ya ba saurayin 2020 kaset, ya yi wa mai karatu ƙarya tun kafin labarin ya yi nisa. Wanda kuma ya san abin da ke tashi a shagon da jaruminsa ke wucewa a Babban Dodo, ba sai ya rubuta shekara a saman babi ba.

Sai dai akwai ramuka biyu a wannan hanya. Na farko shi ne kewa. Kowane rukuni yana rantsuwa cewa waƙoƙin zamaninsa sun fi ma'ana, na yanzu hayaniya ce. 'Yan 2000 da ke faɗin haka a yau, su ne waɗanda iyayensu suka ce sun bar Shata da Ɗanƙwairo sun kama nanaye da kiɗan Indiya. Abin da muke kewa yawanci ba waƙar ba ce, shekarunmu goma sha takwas ne. Marubuci ya sake sauraren waƙar da kunnen yau: ina baitin ya tsaya da ƙafarsa, ina aka cusa kalma don kawai amsa-amo ya dace? Wanda ya iya yi wa waƙar da yake so wannan hukunci, zai iya yi wa rubutunsa.

Rami na biyu shi ne kunya. Birnin Zariya garin malamai ne, zaure bayan zaure ana karatu, kuma gidaje da yawa ba su lamunci waƙar fim ba. Saboda haka sau da yawa a labaran da ake turowa nan za ka ga jaruma 'yar cikin birni kamar ba ta taɓa jin kiɗa ba. Alhali labarin yana wurin da aka ɓoye: 'yar makarantar 'yan mata ta Ƙofar Gayan da ke rage muryar rediyo da zarar ta ji gyaran muryar Malam a zaure, da yayan da ke ƙwace kaset da rana ya kunna a ɗakinsa da dare, da gwaggon da ke faɗa a kan waƙar amma ta fi kowa juyi ranar kamu.

Wani zai ce ambaton irin waɗannan waƙoƙi a rubutu tallata su ne. Damuwar tana da tushe, amma ba mu yarda da hukuncin ba. Bayyana abin da ya faru daban, yabonsa daban. A sa mai sauraro a labari, a sa mai hani, a ba kowa hujjarsa. Kuma ba sai an kwafo baitocin mutum ba, haƙƙinsa ne. Ya isa a nuna inda aka ji waƙar da abin da ta sa wani ya aikata.

Akwai kuma gaggawa a lamarin. Waƙoƙin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi da Imfirajin Aliyu Namangi sun iso gare mu ne saboda an rubuta su, aka kuma adana. Waƙoƙin shekarun kandinmu ba su samu wannan gata ba. Kaset ya lalace, memori ya ɓata, ranar da ke jikin bidiyon YouTube kuma sau da yawa ranar ɗorawa ce, ba ranar fitowar waƙar ba. Idan waɗanda suka ji da kunnensu ba su rubuta ba, na baya sai dai su yi kirdado.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya faɗi shekarar da ya gama sakandare da garin da ya gama, ya zaɓi waƙa ɗaya, ya tabbatar da shekararta daga bakin abokan karatu biyu. Sannan ya rubuta shafi ɗaya: a ina aka fi jin ta, a kan wace na'ura, wa ya hana, wa ya saurara a ɓoye. Kada a kawo baiti ko ɗaya, kada kuma a ce mana “zamaninmu ya fi”. Muna jiran ku a ƙasa. Allah Ya ƙara basira.