Indiya ta yi arziki, amma matasanta na neman aiki

A watan Janairun 2022 wasu matasa suka cinna wa taragon jirgin ƙasa wuta a garin Gaya da ke jihar Bihar ta ƙasar Indiya. Masu neman aiki ne da suka fusata da yadda aka gudanar da jarrabawar ɗaukar ma'aikata a hukumar jiragen ƙasa, inda mutum kusan miliyan 12 da rabi suka nemi gurabe kimanin 35,000.

A wannan shekarar ce kuma Indiya ta sha gaban Birtaniya, wadda ta yi mata mulkin mallaka, ta zama ta biyar a girman tattalin arziki a duniya.

Labari na biyun shi ake yawan kawowa a taruka idan ana neman misalin ƙasar da ta ci gaba. Amma na farkon ya fi cancantar nazari, domin shi ke nuna inda gizo ke saƙa. Tattalin arzikin Indiya ya bunƙasa ta wata hanya da ba ta ɗaukar mutane da yawa aiki, kuma duk ƙasar da ke son bin sawunta ya kamata ta san haka kafin ta ɗaura ɗamara.

Daga jinginar da zinari zuwa Dala biliyan 700

Bunƙasar dai gaskiya ce. A tsakiyar 1991 kuɗin da Indiya ke da su a asusun ajiyarta na waje ba za su iya sayo mata kaya na fiye da makonni uku ba. Sai da ta jinginar da tan 67 na zinarinta a ƙasashen waje kafin ta samu bashin da ta numfasa da shi.

A watan Yulin shekarar, Ministan Kuɗi Manmohan Singh, a ƙarƙashin Firaminista Narasimha Rao, ya fara rushe tsarin da ya tilasta wa ɗan kasuwa neman lasisin gwamnati kafin ya buɗe masana'anta ko ya faɗaɗa ta. An rage darajar kuɗin Rupee, an sassauta kuɗin fito, an buɗe ƙofa ga masu zuba jari daga waje.

Zuwa watan Satumban 2024 asusun ajiyar ya haura Dala biliyan 700. Bankin Duniya ya ce tsakanin 2011 da 2023 mutum kimanin miliyan 171 sun fita daga matsanancin talauci a ƙasar. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a ƙasar da ta zarce China yawan jama'a a 2023, da mutum sama da biliyan 1.4.

Sai dai a 1990 Indiya da China kusan kunnen doki suke idan aka raba arzikin ƙasa kan kowane mutum, kowacce ƙasa da Dala 400 a shekara. Yanzu na Indiya bai kai Dala 3,000 ba, na China kuwa ya haura Dala 13,000. Dalilin wannan tazara yana cikin irin aikin da jama'ar kowace ƙasa ke yi.

Inda kuɗin yake daban, inda mutanen suke daban

Fiye da rabin arzikin Indiya daga ayyukan hidima yake fitowa: manhajar kwamfuta, bankuna, sadarwa, sufuri da ciniki. Biranen Bengaluru da Hyderabad da Pune sun cika da ofisoshin da ke yi wa kamfanonin Amurka da Turai aiki ta intanet. Kamfanin TCS kaɗai yana da ma'aikata kusan 600,000.

Amma duk masana'antar kwamfutar nan da ta yi wa Indiya suna, mutum miliyan biyar da 'yan kai take ɗauka aiki. A ƙasar da masu aiki suka haura miliyan 500, wannan bai wuce mutum ɗaya cikin ɗari ba.

Sauran suna ina? Kusan rabinsu suna gona. Alƙaluman gwamnati sun nuna kashi 46 cikin 100 na masu aiki a noma suke a shekarar 2023 zuwa 2024, alhali noman bai kai kashi 20 cikin 100 na arzikin ƙasar ba. Abin damuwar ma shi ne a 2018 zuwa 2019 kashi 42.5 ne. Ma'ana mutane komawa gona suke yi maimakon barin ta, kuma matsakaiciyar gona a Indiya kadada ɗaya ce da ɗan ɗoriya.

Shi ya sa gwamnati ke raba wa mutum kusan miliyan 800 hatsi kyauta, kilo biyar kowane mutum a wata, kuma ta tsawaita shirin da shekara biyar daga Janairun 2024. Ƙasar da fiye da rabin jama'arta ke karɓar shinkafa da alkama daga gwamnati ba ta gama warware matsalar abin yi ba, komai girman lambar da take riƙe da ita a jerin ƙasashe.

Rahoton tattalin arziki na gwamnatin kanta na 2024 ya ce ana buƙatar sababbin ayyuka kusan miliyan 7.85 a wajen gona duk shekara har zuwa 2030.

Yadda aka tsallake masana'anta

Japan da Koriya ta Kudu da China da Vietnam duk hanya ɗaya suka bi. Ɗan manomin da bai yi karatu mai zurfi ba ya bar ƙauye ya shiga masana'antar ɗinki ko takalmi ko haɗa kayan lantarki, albashinsa ya ninka abin da gona ke ba shi, 'ya'yansa suka yi makaranta. Masana'anta ita ce gadar da talaka ya bi ya haye.

A Indiya gadar ta yi ƙanƙanta. Lokacin da Firaminista Narendra Modi ya ƙaddamar da shirin ƙera kaya a cikin gida a watan Satumban 2014, burin shi ne masana'antu su kai kashi 25 cikin 100 na arzikin ƙasa. Bayan shekara goma suna nan tsakanin kashi 13 da 17, gwargwadon ma'aunin da aka yi amfani da shi.

Akwai dalilai, kuma akasarinsu zaɓin gwamnatoci ne. Tun 1951 Indiya ta fara gina manyan cibiyoyin koyar da injiniyoyi, na farko a Kharagpur, amma makarantun firamare na karkara suka zauna a baya. A ƙidayar 1991 kashi 52 cikin 100 ne kawai suka iya karatu da rubutu, lokacin da China ke da kusan kashi 78. Ƙasar ta samu ƙwararrun injiniyoyi, ta rasa isassun leburorin da za su iya karanta umarnin inji.

Haka kuma shekara da shekaru doka ta keɓe kayayyaki sama da 800 ga ƙananan masana'antu kaɗai, ciki har da tufafin da aka ɗinka, waɗanda sai a 2001 aka cire su daga jerin. Wata dokar ta hana masana'antar da ke da ma'aikata 100 zuwa sama rage ma'aikata sai da izinin gwamnati. An yi dokokin don kare talaka, amma sakamakon shi ne masu masana'antu suka gwammace su zauna ƙanana, ko su sayi inji maimakon ɗaukar mutum.

Bangladesh, wadda jama'arta ba su kai kashi ɗaya cikin takwas na Indiya ba, tana fitar da tufafi fiye da ninki biyu na abin da Indiya ke fitarwa, kuma mutum kusan miliyan huɗu ke cin abinci a wannan sana'a, akasarinsu mata.

Akwai masana irin su Raghuram Rajan, tsohon gwamnan babban bankin ƙasar, da ke ganin lokacin bin hanyar China ya wuce, gara Indiya ta zuba kuɗi a ilimi ta ci gaba da sayar wa duniya hidima. Hujjarsa tana da ƙarfi, ganin yadda injuna ke cinye ayyukan hannu. Amma ilimi yakan ɗauki shekara 20 kafin ya ba da amfani, kuma saurayin Bihar mai shekara 25 yau yake neman abin da zai ciyar da iyali.

Ciniki ya nuna raunin

Indiya na sayo fiye da kashi 85 cikin 100 na ɗanyen man da take amfani da shi daga waje. Ta ƙi shiga babbar yarjejeniyar cinikin ƙasashen Asiya a 2019 don tsoron kada kayan China su mamaye kasuwarta, ta kuma haramta TikTok a 2020 bayan artabun kan iyaka. Duk da haka, giɓin cinikinta da China ya kai kusan Dala biliyan 100 a shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025.

Ko magungunan da ta yi fice a kansu, kusan kashi 70 cikin 100 na sinadaran haɗa su da take shigowa da su daga China suke zuwa. Wayoyin iPhone da Foxconn da Tata ke haɗawa a jihar Tamil Nadu nasara ce ta gaske, ta kuma samar wa dubban mata aiki, amma mafi tsadar sassan wayar shigo da su ake yi.

Da Amurka ta ɗaga harajin kayan Indiya zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Agustan 2025, ba ta haɗa da waya da magani ba. Waɗanda abin ya faɗa wa su ne teloli a Tiruppur, masu gyaran lu'ulu'u a Surat da masu kiwon jatanlande a Andhra Pradesh, wato ainihin sana'o'in da ke ɗaukar talaka.

Inda aka dace

Babbar nasarar Indiya ga talaka ba a Bengaluru take ba. Tana garin Anand na jihar Gujarat, inda a 1946 makiyaya suka kafa ƙungiyar gama-kai don kuɓuta daga dillalan da ke sayen madararsu a wulaƙance. Daga nan aka samu Amul.

Tsarin mai sauƙi ne. Mace mai saniya ko ɓauna biyu takan kai madara rumfar ƙauye safe da yamma. A auna, a gwada yawan maiƙonta, a rubuta mata kuɗinta. Motar sanyi ta kwashe zuwa masana'antar da makiyayan da kansu suka mallaka, ƙungiyar kuma ta kawo likitan dabbobi da abincin shanu. Daga 1970, a ƙarƙashin jagorancin Verghese Kurien, gwamnati ta yaɗa tsarin a faɗin ƙasar.

A lokacin Indiya na samar da madara tan miliyan 20 da 'yan kai a shekara. Yanzu ta haura tan miliyan 230, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na madarar duniya. Amul kaɗai na karɓar madara daga makiyaya miliyan 3.6, kuma gidaje kusan miliyan 80 ke samun kuɗin shiga daga wannan sana'a.

Haka labarin magani. Dokar 1970 ta ba kamfanonin cikin gida damar haɗa maganin da wani ya ƙirƙira muddin ta wata hanya daban suka bi. A 2001 kamfanin Cipla ya yi tayin sayar da magungunan rage kaifin cutar ƙanjamau a ƙasa da Dala ɗaya a rana, lokacin da kamfanonin Yamma ke sayar da su sama da Dala 10,000 a shekara. Afirka ce ta fi kowa cin moriyar wannan.

Abin da ya shafi Najeriya

Mai tafiya a titunan Kano ko Kaduna yana ganin Indiya kowace rana: Adaidaita Sahu na Bajaj da TVS, babur ƙirar Boxer, layin Airtel, da magungunan da suka cika kantunan kemis. Abin da Najeriya ke mayarwa akasari ɗanyen mai ne da iskar gas.

Da Indiya ta juya ga man Rasha mai rahusa bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine, cinikin ƙasashen biyu ya faɗo daga kusan Dala biliyan 15 a 2021 zuwa 2022, ya koma ƙasa da biliyan takwas cikin shekara biyu. Mai sayar da kaya iri ɗaya ba shi da ta cewa ran da mai saye ya samu mafi araha.

A 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan uku fasahar zamani. Shiri ne mai kyau, kuma wasu za su samu abin yi. Amma idan Indiya da ta shafe shekara 30 tana wannan sana'a, ga Turanci ga injiniyoyi, mutum ɗaya cikin ɗari ta iya ɗauka, bai kamata a sa ran kwamfuta za ta kwashe matasan da ke zaune a majalisun unguwanni ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

A 2019 Babban Bankin Najeriya ya ƙiyasta cewa ƙasar na kashe Dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 duk shekara wajen shigo da madara, alhali matan Fulani na yawo da ƙwaryar nono a ka suna neman mai saye kafin ya yi tsami. An kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024. Ma'aunin da ya dace a auna ta da shi shi ne rumfunan karɓar madara nawa ta sa aka buɗe, nawa ne ke da wutar sanyaya ta, kuma kwana nawa makiyayiya ke jira kafin kuɗinta su shigo hannu.

Gwamnonin da ke zuwa New Delhi neman masu zuba jari su ma suna da tambayar da za su riƙa yi kafin a sa hannu a kowace takarda: mutum nawa aikin zai ɗauka, kuma wane sashe na babur ko na magani za a ƙera a nan gida maimakon a shigo da shi a akwati a ɗaura? Indiya na da abin koyarwa mai yawa, amma tawagar da za ta je koyon ya kamata ta kwana biyu a Anand kafin ta wuce Bengaluru.