Wai Hausa Ba Ta Iya Ɗaukar Sunan Abel?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta ishe ni a bakin abokanmu na sashen lissafi. Wai kalmomi irin su abelian da Boolean da Euclidean ba su fassaruwa, don haka lissafin jami'a ya fi ƙarfin Hausa. Haba jama'a! Mene ne a cikin waɗannan kalmomi in ban da sunan mutum da aka liƙa wa wutsiya? Niels Abel mutumin Norway ne, ya rasu a 1829 yana ɗan shekara 26. George Boole ya wallafa littafinsa kan ƙa'idojin tunani a 1854. Euclid kuwa Larabawa sun daɗe da mai da shi Iƙlidis, ba su nemi izinin kowa ba.

Masu sharhi kan kiɗan rok ma haka suke yi. Ƙungiyar Beatles ta watse tun 1970, amma har yau in waƙa ta ɗauko salonsu sai a ce Beatlesque, in baitoci suka yi kama da na Bob Dylan a ce Dylanesque. Sai dai wutsiyoyin nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Ta mawaƙa kamanni take nufi, ana iya kwana ana gardama a kanta. Ta lissafi kuwa sharaɗi ce: rukuni ba ya amsa sunan Abel sai in sauya jerin abubuwa biyu bai sauya sakamako ba, kamar yadda 3 + 5 da 5 + 3 duk 8 ne. Ko ya cika, ko bai cika ba.

To, wannan bambanci Hausa ta riga ta tanade shi. Muna da -anci na salo, kamar Kananci da malamanci. Wanda ya kwaikwayi Mamman Shata, Shatanci ya yi; mai bin Dylan, Dilanci, amma a kula kada a ninka lam a mai da shi dillali. Muna kuma da -iyya ta tsari mai ƙa'ida, kamar Malikiyya daga Imamu Malik da Ƙadiriyya daga Shehu Abdulƙadir. Me zai hana mu ce rukunin Abeliyya da aljabarar Buliyya?

Za su ce ai sai mu ware daga sauran duniya. Wace duniyar? Bafaranshe abélien yake rubutawa, Bajamushe abelsch, kowa da wutsiyar gidansu, kuma a taro ɗaya suke zama su fahimci juna.