Mu Tura Namu Su Koyi Malanta

'Yan'uwa manoma, a 1976 Gwamnatin Tarayya ta buɗe ilmin firamare kyauta, wato UPE. Yara suka cika azuzuwa, malamai suka kasa, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a shekarar nan don horar da su. Yau mafi ƙanƙantar takardar koyarwa ita ce NCE, kuma dokar 2023 ta ba kwalejojin ilmi na Tarayya izinin ba da digiri da kansu.

Fannin da muke so ku duba a kwalejojin nan shi ne ilmin zaman jama'a. Waɗansu suna raina shi, wai ba ya kawo kuɗi. Amma a cikinsa ake koyon karanta taswira, da aikin ƙaramar hukuma, da al'adun maƙwabta. Malamin da ya san Dokar Filaye ta 1978, ya kuma san inda burtali ya bi a ƙauyenmu, zai koya wa ɗan manomi da ɗan makiyayi su kai ƙara maimakon su ɗauki sanda. Baƙon malami kuwa, kafin ya san gari ya nemi canji.

Saboda haka muna ba da shawara kowace ƙungiya ta ware 'yan buhuna da kaka, ta ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya, mace ko namiji, bisa alkawarin zai komo ya koyar a gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kawo maganar nan a taronku na gaba.