Kyautar Waya Da Makarar Ofis

Wannan mako ina so mu duba wata ɗabi'a da ta shigo wa mata ma'aikata, watau raba dare a kan waya ana neman kyautar kuɗi ko data a Facebook da WhatsApp.

Ba na ganin laifinku gaba ɗaya. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota da na cefane suka tashi, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024 kuwa bai rufe giɓin ba.

To, amma mu yi lissafi. A 2025 hukumar NCC ta yarda a ƙara kuɗin data da kashi 50 cikin ɗari. Asarar datarki tabbas ce, kyautar kuwa sai an dace. Mai rabon mabiya yake tarawa, wani ma ɓarawo ne. Duk wanda ya nemi lambar BVN ko lambar sirrin da banki ya aiko miki, asusunki yake hari.

Kuma wadda ta kwanta ƙarfe ɗaya, yaya za ta tashi da asuba, ta dama koko, ta shirya yara, ta sa hannu a ofis ƙarfe takwas? Makara kan jawo takardar gargaɗi, takardar kuwa tana nan cikin fayil ranar ƙarin girma.

Ku ma 'yan makaranta ku ji: kwaɗayi mabuɗin wahala. A ajiye waya bayan lisha. Allah ya sa mu gane, amin.