Sharhi a Kan Biza da Samarinmu Masu Son Fita Waje



Tun da aka kafa jami'ar jihar Jigawa a Kafin Hausa a 2013, wadda yau ake kira Jami'ar Sule Lamido, ga kuma ta tarayya a Dutse tun 2011, sai samarinmu suka fara ɗaga ido zuwa ƙasashen waje, suna begen su je su koyi aiki na 'yan watanni, su ga duniya, su dawo da abin hannu. Wannan buri ba abin zargi ba ne, gama tafiya neman sani gadonmu ce. Kakanninmu da suka nufi Makka a ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur, sukan yada zango a gonakin auduga na Jazira a Sudan, su yi ƙodago shekara da shekaru, har guzuri ya taru su ƙetare Bahar Maliya, ba wanda ya hana su aiki.

To, amma zamani ya juya, yanzu kowace biza an ɗaure ta da niyyar da aka neme ta dominta. Akwai wata iri da ƙasashe kamar Ostareliya da Ingila suke bai wa matasa, galibi 'yan shekara 18 zuwa 30, wadda ta halatta musu yawon buɗe ido tare da yin aiki. Sai dai asalinta yarjejeniya ce tsakanin gwamnati da gwamnati, Nijeriya kuwa ba ta cikin ƙasashen da aka ƙulla wannan alkawari da su. Saboda haka duk dillalin da ya zauna a shagonsa, ko ya aiko saƙo ta WhatsApp, ya ce zai samo wa ɗanka irin wannan biza bisa fasfon Nijeriya, lalle yana sayar maka da abin da bai mallaka ba, kuma malamanmu sun daɗe da bayyana hukuncin irin wannan ciniki.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda aka ce masa ya shiga da bizar Umara ko ta ziyara, in ya isa sai ya ɓace ya nemi aiki. Wannan yaro, wanda wataƙila sai da aka jinginar da gonar gado kafin a haɗa masa kuɗin jirgi, zai zauna babu igama, wato takardar izinin zama, ba shi da ikon kai ƙara in an hana shi ladansa, yana ɓuya in ya hangi askar, wato 'yan sanda, har ranar da za a kama shi a maido shi da tufafin jikinsa, a kuma haramta masa komawa.

Ƙofar halal tana nan, ko da yake ƙunci gare ta. Amurka ba ta duba mai neman koyon aiki sai wata hukuma da ta amince da ita ta ɗauki nauyinsa a rubuce. Ingila tana neman shaidar makarantar da ta karɓe shi, da kuɗin da suka kwana 28 a asusunsa, da gwajin tarin fuka in zamansa zai wuce wata 6, sa'an nan ta iyakance wa ɗalibin digiri aikin awa 20 a mako lokacin karatu. Kada kuma mu manta da 2023, sa'ad da yaƙi ya ɓarke a Sudan, ɗalibanmu suka yi kwanaki a bakin iyakar Masar suna jiran izinin shiga, alhali kuwa da halalinsu suka fita.

Ra'ayina shi ne, wajibi ne jami'o'in nan biyu da hukumar ba da tallafin karatu ta Jigawa su keɓe ofis, a sa masa ma'aikaci masani, inda uba daga Bulangu ko Jahun zai kawo takardar da aka aiko wa ɗansa, a karanta masa ita da Hausa, a tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar a Abuja, tun bai biya ko sisi ba.