Wa Ya Ce Bahaushe Ba Ya Karatu?

Duk taron ƙaddamar da littafi da za a yi a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, akwai maganar da ba a tashi sai an faɗe ta. Babban baƙo zai gyara babbar riga, ya karɓi lasifika, ya ce matsalarmu ita ce mutanenmu ba sa karatu. Wani ma har ya ɗora da tsohon zagin nan da aka aro daga waje, wai in kana son ɓoye wa baƙar fata abu, ka sa shi cikin littafi. Sai a yi tafi. An faɗa an maimaita har maganar ta zauna daram, malamai na koyar da ita, ɗalibai na rubuta ta a jarrabawa. Ni kuwa na ce ƙarya ce, kuma ƙarya mai cutarwa, domin tana wanke masu laifi, ta ɗora wa talaka kayan da ba nasa ba.

Mai wannan magana ya daure ya fito bayan sallar asuba, ya leƙa zauren malami a cikin birni. Zai tarar da tela da mai sayar da goro da direba sun zauna a tabarma, kowa da littafinsa. Wannan yana Ahalari, wancan ya kai Iziyya, na gefe yana tsakiyar Risala, dattijon da ke jingine da bango ya shekara yana fama da Askari. Takardun sun yi ja saboda hannu, an cika gefensu da ƙananan rubutun ajami, fassarar kalma ce da malam ya bayar wata rana, ɗalibi ya kama ta kada ta tsere. Mutum ya ja baƙi, malam ya fassara, ya tashi ya tafi kasuwa, gobe ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Akwai wanda ya yi shekara ashirin a haka, ba takardar shaida, ba alawus. In wannan mutumin ba makaranci ba ne, to wane ne? Amma ranar da aka zo ƙidayar masu ilimi, sai a tambaye shi ajin da ya gama a boko, ya ce bai shiga ba, a rubuta shi cikin jahilai.

To amma ba a kan mutanen zaure na fi jin zafi ba, domin su ko ba a ƙirga su ba ana girmama su. Waɗanda aka fi zalunta su ne mata.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa yau ya san littafin da nake nufi. Siriri ne, takardarsa mai arha, bangonsa da hoton budurwa ko fure, an raba labarin gida uku ko huɗu, kuma marubuciya ta san daidai inda za ta yanke na ɗaya don kada ki yi barci sai kin samo na biyu. Ba kowa ke iya saye ba, sai aka samu masu ba da haya a lungu: ki ba da 'yan kuɗi, a rubuta sunanki a wani tsohon littafin lissafi, ki kawo gobe. Kwafi ɗaya sai ya zaga gida goma. Ya je hannun amarya, ya koma wurin uwargida, ƙanwar miji ta ɓoye shi cikin hijabi ta kai makarantar kwana, ya dawo bango ya rabu an ɗinke shi da zare da allura, shafin ƙarshe ya ɓace, sai wadda ta riga ta karanta ta ba da ƙarshen da baki. Ana aiken yaro da rana tsaka ya tafi wata unguwa karɓo na uku. Wanda ya ƙirga kwafin da aka sayar kawai ya ce ga adadin masu karatu, bai ƙirga yawancin waɗanda suka karanta ba.

Mata da yawa da aka cire daga firamare aka yi musu aure, da waɗannan littattafai suka riƙe karatunsu bai zube ba. Wasu ma dalilinsu suka shiga ajin yaƙi da jahilci, don sun gaji da jiran wata ta karanta musu. Na san gidaje da dama da haka ta faru, kuma duk wanda ya tambayi yayyensa da gwaggwanninsa zai ji irin wannan labari.

Masu kukan rashin karatu sun san da wannan duka. Abin da suke yi shi ne su kawar da kai su ce ai wannan ba karatu ba ne, soyayya ce, shirme ne na mata. A wurinsu makaranci shi ne mai riƙe da littafin Turanci mai kauri, ko aƙalla wanda ya tsaya a kan Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja. Ina ƙaunar marubucinsu, Abubakar Imam, kuma ba na jin akwai wanda ya kai shi sarrafa Hausa a zube. Sai dai a tuna yadda littattafan farko suka samu. Gasa ce wani Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, hukuma ta buga waɗanda suka yi nasara, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ta kai su makarantu. Daga baya hukumar adabi ta NORLA ta karɓa, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC daga 1966. Wato hukuma ce ke zaɓe, ita ke bugawa, ita ke rabawa. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma buga littattafan makaranta kawai, da a ce Bahaushe ba ya son karatu, da a nan zancen ƙagaggen labari ya mutu.

Bai mutu ba. Hafsatu Abdulwaheed ta riga ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina. Matasa a Kano suka haɗa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suka tara kuɗinsu, suka kai wa masu injin buga takardu na cikin gari, suka ɗauki kayansu da kansu suka kai kasuwa. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, aka yi ta wawarsa har aka mai da shi fim. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zama sunan da kowace mace ta sani. Ba gwamnati, ba tallafi, ba tilascin jarrabawa. Mutane ne suka cire kuɗin cefane suka sayi labari don suna so. Ban san wata hujja da ta fi wannan ƙarfi ba a kan cewa al'umma tana karatu.

Kuma wai shirme. Wanda ya faɗi haka ya karanta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana yarinya ƙarama. Labarin Abu ne, da aka raba ta da aji aka ba wa tsoho, ta ƙi zama, ta nemi ilimi har ta tsaya da ƙafarta. Ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne, ya ga Rabi da aka kora da 'ya'yanta saboda mai gida ya ga sabuwa, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su. Auren dole, kishi, saki ba dalili, mijin da ba ya ba da kuɗin cefane, uwar miji mai mulki: matan nan sun rubuta su tun lokacin da manyan masana ba su ɗauke su abin tattaunawa ba. Wani kamfani a Indiya ya ga darajar Alhaki Kuykuyo Ne ya buga fassararsa ta Turanci a 2012. A gida kuwa sunan da aka laƙaba wa wannan adabi shi ne Adabin Kasuwar Kano, sunan da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya yaɗa, aka yi ta muhawara a jaridu tsakaninsa da su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu. Muhawarar ta yi amfani, kuma masu sukar sun faɗi wasu abubuwa na gaskiya game da gaggawa da rashin tacewa. Amma abin da ya sauko wa mutanen gari daga cikinta shi ne raini kawai.

Rainin nan ne ya kai mu ga abin da ya faru a 2007, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta tara littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Bayan haka Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta juyo kan marubuta, ta nemi su yi rajista, a duba rubutunsu kafin ya fita. A daidai wannan zamani, wasu masana a Landan, Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess, sun riga sun tattara irin waɗannan littattafai, sun fitar da kundin sunayensu a 2004, sama da guda 700 da aka buga tsakanin 1987 da 2002. Wasu na adanawa, mu muna ƙonawa. Yarinyar da ta tsaya a filin makaranta ta ga an ƙona abin da take karantawa, wane darasi aka koya mata game da littafi? Kuma da wane baki za a dawo bayan shekara goma a ce mata ba ta son karatu?

Na san abin da za a ce mini: batsa. Gaskiya ne, akwai ta, musamman yanzu da rubutu ya koma waya. Akwai masu rubuta ƙazanta a WhatsApp da Wattpad don su tara masu biya, kuma ina ƙin abin, ba na son ya shiga hannun 'yata ko 'yar wani. Amma a dubi yadda aka kai nan. Marubuciyar da ke buga littafi a takarda tana da suna, tana da ƙungiya, tana da dattawan marubuta da za su kira ta su ce wannan shafin bai dace ba. Da aka matsa wa wannan kasuwa, takarda kuma ta ƙara tsada, sai rubutu ya gudu inda ba edita, ba mai gyara, ba wanda ya san fuskar wani. Masu karatun ba su ragu ba, wurin zama suka sauya. Yau matar aure na tuƙa tuwo da abin sauraro a kunne, ana karanta mata littafi daga YouTube. Wata ta biya kuɗi ta banki an sa ta a rukunin marubuciya, tana jiran shafin yau, in an makara ta yi ƙorafi. Da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, labarai suka yi ta kwarara, kuma ba daga sama marubutan suka faɗo ba, 'ya'yan masu karɓar haya ne da ƙannensu.

Abin da babu shi ne littafi a kusa da mutum, a farashin da zai iya. Ƙananan hukumomi nawa ne a Arewa ke da ɗakin karatu mai rai, wanda yaro zai shiga ya ari littafin Hausa ya kai gida? Inda ginin yake ma, sau da yawa za ka tarar da tsofaffin littattafan Turanci da aka kawo kyauta daga waje, ƙura ta rufe su, ba ko ɗaya da harshen da yaron ke mafarki da shi. Makarantun kuɗi kuwa har tarar yaro suke ci in ya yi Hausa a aji, sannan a dawo ana mamakin bai iya karanta ta ba. Manyan littattafan shekarun 1990 da yawa sun ɓace daga kasuwa, ba mai sake buga su, marubutansu wasu sun rasu ba su ci moriyar wahalarsu ba.

Don haka babban baƙon da zai hau mumbari a taro na gaba, ina roƙonsa ya bar zancen mutanenmu ba sa karatu. Ya faɗa mana kwafi nawa zai saya na littafin da ake ƙaddamarwa, da sunayen makarantun 'yan mata da zai kai su, da ranar da za a kai. In shugaban ƙaramar hukuma ne, ya ware ɗaki ɗaya a sakatariya, ya zuba littattafan Imam da na Balaraba da na Bilkisu Funtuwa da na yaran da ke rubutu yau, ya sa ma'aikaci ɗaya da rajistar aro, ya bar ƙofar a buɗe har bayan la'asar, lokacin da 'yan Islamiyya ke tashi.