Yasar Tafki Da Rijiya A Ƙasar Gumel: Ina Ake Kai Lakar?

Duk wanda ya san ƙasar Gumel, tun daga Gagarawa har Maigatari da Sule Tankarkar da ke bakin iyakar Jamhuriyar Nijar, ya san cewa Allah bai ratsa ta da wani babban kogi ba kamar yadda Ya yi wa Haɗeja da Ringim, saboda haka rayuwar mutanenta da ta dabbobinsu, tun zamanin kakanni, ta rataya ne a kan rijiya mai zurfi, da tafkin da ke tare ruwan damina, da kuma kududdufin da aka haƙa a gefen gari domin ɗibar ƙasar gini. Kowanne daga cikinsu kuwa yana cika da rairayi da laka shekara bayan shekara, musamman a wannan yanki da iskar hunturu ke kwaso yashi ta zuba duk inda ta sami rami, har ya zama dole a yashe su idan ana son su ci gaba da amfani. Ba wanda ke musun wajabcin yasa. Abin da nake so in jawo hankalin hukuma da talakawa a kai shi ne abin da ke biyo bayanta, wato makomar lakar da aka fitar, da kuma halin mutumin da aka tura ya fitar da ita.

Lakar da iyayenmu suka sani ƙasa ce da ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu, wadda manomi ke murna da samunta, ya ɗora wa jaki a mangala ya kai gona, gero ya yi kyau. Malamanmu ma sun san da ita, domin a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani an bayyana cewa ruwan da ƙasar mazauninsa ta sauya masa kama, kamar baƙar laka ko ƙasa mai gishiri, bai fita daga tsarki ba, alhali wanda najasa ta sauya wa launi ko ɗanɗano ko wari ya fita. Kuma a Muhtasar na Shaihu Halilu an so a kwashe ruwa gwargwadon hali idan dabba ta mutu a ruwan da ba ya gudu, ko da bai sauya ba. Wannan tadbiri ne na mutanen da suka san ƙimar ruwa. Amma lakar da ke kwance yau a gindin kududdufan garuruwanmu wata aba ce dabam, domin kwatocin gari kaf a can suke ƙarewa, da ruwan mahauta, da baƙin man da makanikai ke zubarwa, da matattun baturan tocila da na rediyo, da allurai da kwalaben magani, da ledar da ba ta ruɓewa, ga kuma galan-galan na maganin feshi da manoman riɗi da wake ke wankewa a bakin tafki bayan sun taso daga gona. Mafi munin al'amarin shi ne, da yawa daga cikin waɗannan gubobi, irin su dalma, ba sa sauya launin ruwa, ba sa sauya warinsa, har mutum ya duba ya ga ruwa garau ya yi alwala da shi alwalarsa ta inganta, ya sha kuma ya cutu. Hukuncin tsarki dabam, hukuncin cuta dabam, kuma ƙa'idar shari'a da ta ce a gusar da cuta ita ce ta hau kanmu a nan.

To, ga yadda aka saba yi. Idan rani ya yi nisa, ruwa ya janye, mai unguwa ya yi shela, samari su fito gayya da shebur da diga da kwanduna, su shiga taɓo ƙafa ba takalmi, hannu ba safa, su yini suna kwasa suna tulawa a bakin kududdufin, taku biyar ko shida daga inda suka ɗebo. Tulin ya bushe ya tsattsage, awaki su hau suna tonon leda, yara su mai da shi wurin wasa, wani ya zo da amalanke ya ɗiba ya kai gonar da zai shuka kuɓewa, wani ya kwaɓa ya yi yaɓen ɗaki, abin da ya rage kuwa ruwan farko na watan Yuni ya wanke shi ya mayar inda ya fito. An sha wahala, an sami ladan niyya, amma guba ba ta bar gari ba, sai ma an ɗauko ta daga inda take kwance an shimfiɗa ta inda iska za ta ɗauke ta.

Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba, kuma akwai darasi a wurin waɗanda suka riga mu gamuwa da ita, ko da yake nesa suke da mu. A tashoshin da ake ƙera jiragen ruwa da gyaransu, irin waɗanda ke Legas da sauran biranen bakin teku, laka kan taru a ƙarƙashin dakalin da jirgi ke tsayawa, tsakanin ginshiƙai, inda babban injin yasa ba ya iya kutsawa, kuma lakar cike take da ɓarɓashin fenti da tsatsa da mai da tagulla. Akwai wani fenti mai guba da aka daɗe ana shafa wa gindin jirage don hana tsiro da ƙananan halittun ruwa mannewa, wanda yarjejeniyar ƙasashen duniya ta haramta, haramcin ya soma aiki a 2008, amma har yau ragowarsa na kwance a lakar tashoshi da dama. Abin da masana wannan aiki suka tabbatar shi ne, tayar da irin wannan laka ba tare da shiri ba ya fi barinta haɗari. Saboda haka kafin su taɓa ta sai sun ɗebi samfuri an auna, sa'an nan su kewaye wurin da labule na musamman don kada dagulallen ruwa ya bazu, su zuƙe lakar da famfo da mesa, wani lokaci da taimakon masu nutso, su tsane ruwanta, su kai busasshen wurin da aka tanada a binne. Ba kayan aikinsu nake kwaɗayi ba, tsarin nake so mu ɗauka: a san abin da ke ciki, a san inda za a kai shi, sa'an nan a sa shebur.

Wanda kuwa ya ga misalin teku ya yi masa nisa, to, ya tuna da Zamfara. A 2010 aka gano cewa gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma likitoci suka ce ba amfanin yi wa yaro magani a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke da guba. Sai da aka bi gida gida, a Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya Bagega a 2013, ana kankare ƙasar tsakar gida da hannu, ana fitar da ita ta lungunan da mota ba ta shiga, ana binnewa a ramukan da aka keɓe a bayan gari, ana zubo sabuwar ƙasa mai tsabta a madadinta. Mutanen ƙauyukan ne suka yi mafi yawan aikin, da kayan da kowa ya sani. Ba na cewa kududdufan Sule Tankarkar sun kai wannan matsayi, Allah Ya kiyaye. Ina cewa dai an riga an nuna, a cikin ƙasar Hausa, cewa ana iya kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga wuri mai wuyar shiga a kai ta inda ba za ta dawo ba, in an yi niyya kuma an sa ido.

Sai batun mai yasa kansa, wanda a ganina shi ne aka fi zalunta a cikin wannan sha'ani. Rijiyoyin wannan yanki masu zurfi ne ƙwarai, gaba da yawa, kuma mutumin da aka ɗaura wa igiya a ƙugu aka zura shi ciki yana sauka ne wurin da iska ba ta zagayawa, inda ruɓaɓɓiyar laka ke fitar da tururin da kan sumar da mutum kafin ya iya jan igiya. Tsofaffin mahaƙa suna da hikimarsu: sukan zura fitila mai wuta tukuna, idan ta mutu a hanya ba mai sauka, sai an yi ta kaɗa ganye ko buhu a ciki har iska ta sauya. Yanzu kuwa an sami masu gaggawa da ke zura injin jan ruwa mai shan fetur cikin rijiya, hayaƙinsa ya cika ramin, na farko ya faɗi, na biyu ya sauka ceto ya faɗi a kansa. Haka nan yaron da ake turawa da rarrafe cikin kwalbatin da ta toshe, saboda shi ne jikinsa zai shiga, a sallame shi da abin da bai kai kuɗin maganin yankan kwalba ba. Wanda ya tura shi yana da alhaki, ko hukuma ce ko mai gida.

Na san za a ce ai zamanin burtsatse ne, a bar tafki da rijiya su mutu mana. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa tsayawa a Maigatari ranar Alhamis ya ga yawan shanu da raƙuma da tumakin da ke shigowa kasuwa ba, bai kuma ga layin jarkoki ranar da injin burtsatse ya lalace ba. Bugu da ƙari, kududdufi shi ne ke shanye ruwan sama da zai shiga gidaje, kuma ambaliyar 2022, wadda ta yi wa Jigawa ɓarna mai yawa, ta isa ta nuna abin da ke faruwa idan ruwa ya rasa mazauni. Annobar amai da gudawa ta 2021, wadda ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, Jigawa na cikin jihohin da ta fi tsananta, ita kuma ta nuna abin da ke faruwa idan mazaunin ya ƙazantu. Gwamnati ta mai da hankali ga yasar kogin Haɗeja da cire ciyawar kachala, wannan daidai ne, sai dai manyan injunan da ke can ba za su shiga lungun Gumel ba, balle su sauka rijiya.

A zamanin En'e akwai duba-gari, wanda ake tsoronsa fiye da yadda ake ƙaunarsa, amma ana share kwata saboda shi. Abin da nake roƙo bai wuce ƙarfin ƙananan hukumomi huɗu na ƙasar Gumel ba. Su sa kuɗin yasa a cikin kasafinsu na kowace shekara, a yi aikin tsakanin Maris da Mayu lokacin da laka ta bushe, ba ranar da ruwa ya riga ya shiga ɗakuna ba. Hukumar kare muhalli ta jiha ta ɗebi samfurin lakar manyan kududdufan cikin gari ta kai Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Bayero a auna, domin a rarrabe wadda ta dace da gona da wadda sai binnewa, kada a hana manomi takin tafkin daji mai kyau saboda laifin kududdufin bayan kasuwa. Hakimai da dagatai su keɓe fili nesa da rijiyoyi da gidaje inda za a binne mara kyau, su kuma tsare hurumin kowace rijiya da kowane tafki daga masu wankin galan ɗin feshi. A ba masu yasa takalman roba da safar hannu da igiya mai ƙwari, a hana zura injin fetur cikin rijiya, a hana tura yaro cikin kwalbati. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da majalisar Mai Martaba Sarkin Gumel, da limaman Juma'a, da su ɗauki wannan magana tun rani bai wuce ba.